Ni Amshi Kawai Na Riƙe

Ku gyara zama, 'ya'yana, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, kuma ba tatsuniya ba ce, abin da hannuna ya aikata ne. Ni ban san baƙi ba, faɗa nake yi ana rubutawa. In kun ji wani wuri ya karkace, ku yi haƙuri da bakin tsohuwa.

Bara, bayan ƙaramar Salla, ina zaune a ɗakina a unguwar Waziriyya, nan Jidda, ina tsintar shinkafa, sai 'yar Yaya ta yi sallama. Yaya ba cikinmu ɗaya ba. Zabiya ce, ni kuwa 'yar amshinta, mai buga mata ƙwarya shekara talatin da ɗoriya, har ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita, ya tafi da maganarta. 'Yar tata haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa, amma in za ta mayar sai Larabci ya riga fita. Ta durƙusa ta gaishe ni da Khala, wato inna da Larabci, ta ce, "Khala, zan aurar da 'yata, saura wata guda. Ina son waƙar Mama, wadda take yi in za a fita da amarya. An yi wa 'ya'yan mutane, binti, tawa 'yar, ba za ta fita babu ita ba. Ke kaɗai kika rage."

Na ce mata to, ba komai. Da ta tafi na ajiye faranti, na buɗe baki zan rera, sai na tarar abin da ke bakina amshi ne kawai: a sauka lafiya, 'yar bakin ruwa. Na maimaita shi har shinkafar ta sha iska, baiti ko ɗaya bai zo ba.

Wanda bai taɓa yin amshi ba zai ce sakaci ne. 'Yar amshi wutsiyar baiti take jira. Hannunta na kan ƙwarya, idonta na kan taro, kunnenta na dakon kalmar ƙarshe da numfashin da zabiya za ta ja, don ta faɗo a kan lokaci. Shekara talatin ina faɗowa a kan lokaci, Yaya da bakinta ta shaide ni ban taɓa makara ba. Ashe duk abin da ke gaban wutsiyar nan ta saman kaina yake wucewa. Na san akwai baitin da ke ƙarewa da "da ƙafa", akwai mai ƙarewa da "gonar auduga", akwai mai ƙarewa da "Sawakin". Abin da ke kafinsu, babu.

Bari in faɗa muku inda waƙar ta fito. Abhur ɗin da kuka sani yau, can bakin teku arewa da Jidda, mai katanga bayan katanga da ƙofofi masu gadi, ba shi Yaya ta tarar ba. Ta ce mini sa'ad da ta fara ganinsa hannun teku ne kawai da ya kutso cikin tudu, ba inuwa, ba famfo, sai bukkokin masunta na tabarma da guntayen katako, da ƙananan kwalekwalen da suke kira huri kife a kan yashi. Ita Bahaushiyar Sudan ce, an kawo ta unguwar Ruwais a Jidda, gidan masunta, tana amarya. In lokacin kifi ya yi, surukinta da 'ya'yansa sukan tare a Abhur kwana da kwanaki, su tafi da ita ta yi musu girki, ta feɗe kifi, ta sa gishiri, ta shanya.

Bayan la'asar maza sukan zauna ɗinkin raga. A cikinsu akwai wani tsoho daga wajen Yanbu mai simsimiyya, molon masunta ne mai tsirkiya biyar. In ya fara kaɗawa, Bayamale ya sa baki da harshensa, Basudane ya sa da nasa, mutanenmu su sa da namu, kiɗa ɗaya ne yake ɗauke da su duka. Mace ba ta zama a wurin. Yaya tana bayan tabarma da wuƙa a hannu, ƙayar kifi har gwiwa. Takan ce, "Ta hudar tabarma na sato ta." Ta ɗauki karin tsohon, ta ɗora masa labarin uwarta: yadda suka bar gida da ƙafa da niyyar Hajji, shekarun da suka yi suna tsintar auduga a Sudan, waɗanda aka binne a hanya, jirgin ruwan da ya kwaso su daga Sawakin. Sauran waƙoƙinta takan sauya su a kowane biki, ta sa sunan amarya da na dangi. Wannan ɗaya ba ta taɓa sauya mata ko kalma ba, kuma ba ta yin ta sai amarya ta miƙe za a fita da ita.

Ni daga baya na zo. Aikin Hajji ya kawo mu ni da maigidana, muka ce bari mu ɗan zauna, zaman ya zama zama. Shi yana dako a kasuwa har Allah ya karɓi abinsa, ya bar ni da ɗa ɗaya. Ina sayar da gyaɗa a bakin wani lungu a Ruwais, ina ƙwanƙwasa faranti da yatsu don kewa, sai wata doguwar mata ta tsaya a kaina ta ce, "Ke Bazazzaga, hannun nan naki ba na tallan gyaɗa ba ne. Tashi ki biyo ni." Ban san yadda ta gane garinmu ba. Tun daga ranar ba ta kira ni da wani suna ba, ni kuma na ce mata Yaya.

Mu uku ne. Ta ukunmu wata 'yar Damagaram ce mai bandiri, mai bakin tsiya, ba ta raga wa kowa. Ni ina da daro cike da ruwa da ƙwarya kife a kai, da 'yan sanduna biyu. Da farko bukukuwan mutanenmu muke yi a Ruwais. Kwanci tashi Larabawa suka ji labari suka fara aiko mana mota. A lokacin Abhur ya soma sauyawa. Mutanen gari suka fara zuwa shan iska ranar Juma'a da tabarmi da tukwane, daga nan aka kafa ɗakunan katako, daga ɗakunan katako sai manyan gidajen hutu da suke kira shale, kowanne ya yanki rabonsa na ruwa ya kewaye. Masunta suka yi ta matsawa arewa har aka daina ganinsu. Mu kuwa muka koma Abhur ta ƙofar baya, ta wajen madafa, a matsayin makaɗan biki. Raɓar teku takan saki fatar bandiri, sai 'yar Damagaram ta roƙi garwashi ta gasa shi tana zagin teku da masu teku. Yaya kuwa duk gidan da muka shiga sai ta leƙa taga ta ce, "Nan wajen muke shanya kifi," ko ta ce, "A'a, can gaba ne."

Muna da doka ɗaya, Yaya ce ta kafa ta: ba a ɗaukar muryarta. Ta ce muryar da ta sato a bayan tabarma ba za ta je shagon mai shayi maza suna kaɗa ƙafa a kanta ba. Akwai kuma tsoro, don ni da 'yar Damagaram ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, kaset kuwa yawo yake yi, a tambayi su wa ke ciki. Ni aka ɗora wa gadi, tunda Yaya in ta shiga waƙa rufe ido take yi. In na hango rikoda, sai in bar ƙwarya in bugi bakin daro sau uku. Da ta ji ƙarar ƙarfen nan sai ta datse waƙa ko a tsakiyar kalma ne, ta ja mayafi ta rufe baki. Mun yi haka ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Yinin biki ne a wani shale, amarya ta miƙe, Yaya ta ɗauko waƙar. Sai na hango jakar wata dattijuwa, gwaggon amarya, bakinta a buɗe, wata 'yar jar wuta tana ci a ciki. Na bugi daro. Wuri ya yi tsit. Na tashi na je gabanta na miƙa hannu. Matar ta kama hannuna da nata biyu, ta ce uwarta 'yar masuntan Abhur ce, tana kwance shekara uku, idonta ya tafi, kuma wannan karin na zamanin ubanta ne. Ta ce, "Wallahi ba mai ji sai ita. Ta ji sau ɗaya in kawo miki da hannuna." Na ciro kaset ɗin, na zaro zarensa kamar hanjin kaza, na tsoma a ruwan daro, na koma na zauna. A raina ina ganin na tsare amana.

A hanyar komawa, da muka kusa Ruwais, Yaya ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Bazazzaga, kin cika zafin hannu."

Na ce, "Ai dokarki ce, Yaya."

Ta ce, "Tawa ce. Amma ni ban taɓa jin muryata daga waje ba. Da kin bari na ji ko baiti ɗaya, sannan ki jiƙa."

'Yar Damagaram ta ce, "Gode wa Allah da ba ki ji ba. Da kin ji da yau kin yi ritaya. Muryar taki kamar ana jan ƙofar langa-langa."

Yaya ta kai mata duka da mafici, muka yi ta dariya har direba ya waiwayo. Ba mu sake tayar da zancen ba. Wannan kaset shi ne kaɗai ya taɓa kama waƙar daga farkonta.

To, kun ji dalilin da ya sa da 'yar Yaya ta zo ba mu da inda za mu nema sai bakin Yaya, bakin kuwa a rufe. Tun da aka rushe lungunmu na Ruwais muka watse, ita tana hannun 'yarta, nan Waziriyya, tafiyar ƙafa tsakaninmu. Na ɗauki daro na je. Na same ta a kan gado, ta rame, ɓarin dama ba ya motsi, ido dai nata ne. Na yi kiɗa kwana uku a ɗakin nan. Ta dube ni, ta dubi bango. Wata maƙwabciya ta ce ta taɓa ganin mai irin ciwon da ba ya magana amma yana bin karatu in an ja masa. Sai na ce wa 'yar, "Mu kai ta Abhur. Inda ta ɗauko ta, wataƙila can za ta ajiye mana."

Ɗana yana tuƙi a gidan wasu mutane a Abhur. Ya roƙi kafilinsa, wato maigidan da yake wa aiki, mota ranar Juma'a, muka naɗe keken marasa lafiya da ake tura Yaya a kai muka sa a baya. Muka yi ta bin titi muna neman wurin bukkokin. Katanga ta ƙare, wata ta kama. Na ce ya tsaya a wata ƙofa da nake zaton nan ne, mai gadi ya leƙo ya ce sai mai kati. Ɗana ya ce masa tsohuwa ce ba ta da lafiya, ruwa kawai za ta kalla. Mutumin ya dubi Yaya, ya ce shi ma ɗan aiki ne, ya yi mana kwatancen inda kowa ke shiga. Can muka je, wani ɗan fili mai dakali da shingen ƙarfe. Ɗana ya sauke mu a ƙarshensa inda ba mutane, ya ja mota ya yi nisa, don ya san Yaya ba ta waƙa namiji na tsaye.

La'asar ta yi sanyi. Na ɗebi ruwan teku a daro, na kifa ƙwarya. Daga tsallake ana jin kiɗan lasifika na wani gidan hutu, ga baburan ruwa suna ta zarya. Na riga na gargaɗi 'yar kada uwar ta ga waya, sai ta kunna ta don ɗaukar murya, ta ɓoye a cinya ƙarƙashin abaya. Na fara. Ina bugawa ina amshi, in bar gurbin baiti, in sake amshi. Muka daɗe a haka. Hannuna ya gaji, wayar ta yi zafi, 'yar ta kashe ta, ta ce, "Halas, shi ke nan, Khala, mu tafi, iska za ta kama ta."

Na ce bari in ƙara kaɗan. Sai na ga hannun hagun Yaya yana bugun hannun keke, a hankali, ƙasa da yadda nake tafiya. Gyara mini take yi, kamar da. Na sassauta na bi ta. Ta rufe ido. Sai murya ta fito.

Siririya ce, tana rawa, amma kalmomin a tsaye suke, ba irin gurnanin da take yi in tana son ruwa ba. Ta kai ƙarshen baiti, na faɗo da amshi. Ta ɗauki na biyu, na faɗo. Ta ɗauki na uku. Hawaye na zuba a daro, kuma ko a lokacin, Allah ya sani, wutsiya nake jira, don in na tsaya saurare zan makara, in na makara za ta tsaya. Na bar wa 'yar riƙewa. Ita kuma ta daskare, sai can ta tuna, ta zaro waya ta ɗaga saitin bakin uwar tana neman wurin dannawa.

Ta gefen ido na ga an ɗaga wani abu mai haske wajen Yaya. Ban yi shawara da kaina ba. Sandata ta bar ƙwarya ta bugi bakin daro sau uku.

Yaya ta datse. Ta ɗaga hannun hagu da ƙyar, ta jawo mayafi ta rufe bakinta.

Babur ɗin ruwa ya wuce. 'Yar ta ce, da ƙaramar murya, "Lesh, Khala? Don me?"

Na ce, "Ban sani ba, 'yata. Hannu ne."

Na matsa na kama gwiwar Yaya, na ce, "Yaya, ba kowa, kuskurena ne. 'Yarki ce. Ɗauko daga gonar auduga." Ta buɗe ido ta dube ni, irin kallon da takan yi mini in na tsare ta daga rikoda, kallon godiya. Wannan kallon ya fi mini zagi ciwo. Na yi ta kiɗa har aka kira magariba, mayafin bai sauka ba. Mun sake komawa Juma'a biyu, mun bar waya a mota, ba ta ƙara buɗe baki ba. Na tambayi 'yar abin da ta riƙe daga baiti ukun. Ta ce ta ji uwa, ta ji rijiya, ta ji wani suna da ba ta sani ba, sauran Hausar ta yi mata nauyi.

Ranar yini aka kama wani ƙaramin shale a Abhur. Wata budurwa mai injin kiɗa ta yi ta sa wa 'yan mata abin da suke so. Da rana ta yi ƙasa amarya ta miƙe, uwarta ta sa aka kashe injin, aka turo keken Yaya kusa da ni. Na ce wa 'yar Yaya ta kunna wayarta ta ajiye a bayana inda ba zan gani ba. Na buga. Inda baiti yake na bar ƙwarya ta yi tafiyarta ita kaɗai, in an zo ƙarshe in faɗi wutsiyar, tsofaffin da suka san mu su tara mini amshi. 'Yan matan sun zaci haka waƙar take. Amarya ta yi kuka yadda ake yi, uwarta ma ta yi.

Na ƙirga wutsiya tara, su ne duk abin da na sani, na kai ta tara na ajiye sanduna. Mata suka fara guɗa. Sai na ga hannun Yaya bai tsaya ba. Yana bugun hannun keke, daidai, ba sauri. Ya yi tsawon baiti guda, ya dakata gurbin amshi, ya sake yin tsawon wani, ya dakata, sannan ya kwanta a cinyarta. Ashe sha ɗaya ne. Biyu ko wutsiyarsu ban riƙe ba, kuma ban san a ina suke shiga ba. Ba wanda ya lura sai ni. Aka fita da amarya.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare. Yaya ta rasu kafin watan aikin Hajji, da hantsi, 'yarta na ba ta kunu, an binne ta a nan Jidda. 'Yar Damagaram tun shekarun baya aka tare motar da take ciki, ba iƙama, aka mayar da ita gida; wani alhaji ya ce mini tana raye wajen ƙanenta, kunnenta ya toshe, bakin dai yana nan. Tsohon mai simsimiyya ya riga zuwana ƙasar nan mutuwa, ban san wanda ya gaji molonsa ba. Dattijuwar mai rikoda ban sake ganinta ba, na tambaya a gidaje biyu ba a gane wadda nake nufi ba, ban kuma san ko uwarta ta daɗe ba. Amarya tana Yanbu da mijinta, an ce tana da ciki. Uwarta takan aiko mini da abinci ranar Juma'a, tana gaishe ni da Khala kamar da, ba ta taɓa tayar da maganar ranar nan ta bakin teku ba, ni ma ban tayar ba. Ɗana yana nan yana tuƙi a Abhur, yana so in koma wajensa da zama, na ce sai bayan zafi. Ni kuwa gwiwa ta hana ni zaman daro, an zo neman kiɗa sau biyu na ba da haƙuri.

Nan tawa ta tsaya. Wanda ya ji, ya sa Yaya a addu'a.